Hawan jini a CSI: awon rana ɗaya bai isa a ɗora wa mutum cuta ba

Binciken STEPS da ma'aikatar kiwon lafiya ta Nijar ta gudanar a 2021, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya OMS, ya nuna cewa fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na manyan ƙasar nan jininsu ya haura ƙa'ida. A duniya baki ɗaya, rahoton da OMS ta fitar a watan Satumban 2023 ya ce masu hawan jini sun ninka, daga miliyan 650 a 1990 zuwa miliyar 1 da miliyan 300 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna ɗauke da cutar ba.

Tun watan Satumban 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati, domin talaka ya samu sauƙin zuwa. Sai dai zuwan kawai ba ya gano cuta. Abin tambaya shi ne yadda ake auna magidanci ko uwargida in sun iso CSI, da abin da ake yi da lambar da na'ura ta nuna. A nan matsala biyu ke tafiya tare. Akwai ɗimbin jama'a da ba a taɓa ɗaura musu na'urar a hannu ba. Akwai kuma waɗanda aka auna sau ɗaya cikin gaggawa, aka ce musu suna da tansiyo, aka rubuta musu magani. Na farkon suna iya wayar gari da shanyewar ɓarin jiki. Na biyun suna iya ɗaukar shekaru suna sayen ƙwayar da jikinsu bai buƙata.

Me ake nufi da 14/9

Awon jini lamba biyu ne. Ta sama tana nuna ƙarfin da jini ke bugun jijiya a lokacin da zuciya ta matse ta tura shi. Ta ƙasa tana nuna ƙarfin da ya rage a jijiyar lokacin da zuciya ta saki kafin bugu na gaba. Ana lissafa su da milimita. Iyakar da OMS ta sa ita ce 140 a sama ko 90 a ƙasa. Ko ɗaya daga ciki ce ta kai, an shiga sahun da ake bincike.

A Nijar, kamar sauran ƙasashe masu aiki da Faransanci, an saba faɗar lambar da santimita: 12/8, 14/9, 16/10. Sauƙin faɗa gare ta, amma tana ɓoye abu mai muhimmanci. Wanda na'ura ta nuna masa 136 da wanda ta nuna masa 144, dukansu ana iya rubuta musu 14 a takarda, alhali ɗaya bai kai iyaka ba, ɗayan ya wuce ta. Ma'aikacin da zai ga takardar bayan mako biyu ba shi da hanyar sanin wanne ne. Shi ya sa ƙa'idojin yanzu ke son a rubuta lambar cikakkiya yadda ta fito, 136/84 ko 144/92, tare da kwanan wata.

Wasu kan ji a rediyo ko su gani a waya cewa iyakar ta koma 130/80. Wannan matsayin ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka ne tun 2017. OMS da likitocin Turai sun bar sunan cutar a 140/90, duk da cewa suna son a sa ido kan wanda ke dab da iyakar, musamman mai ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko wanda ya taɓa samun ciwon zuciya.

Ranaku biyu daban

Ƙarfin jini ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana hawa in mutum ya yi sauri, ko ya fusata, ko yana jin zafin ciwo, ko fitsari ya matse shi. Yana sauka in ya natsu ko ya yi barci. Saboda haka OMS ta ce ba a kiran mutum mai hawan jini sai an auna shi a ranaku biyu daban, kuma a duk ranakun lambar ta kai 140 ko 90. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masana hawan jini, ISH, a ƙa'idojinta na 2020 ta ce zuwa biyu ko uku, da tazarar mako ɗaya zuwa huɗu, gwargwadon yadda lambar farko ta kai. In ta wuce 160/100, a sake awon cikin ƴan kwanaki ko ƴan makonni, kada a ja lokaci. In ba ta kai 130/85 ba, mutum zai iya dawowa cikin shekara uku, ko bayan shekara ɗaya in yana da wani abin da ke ƙara masa haɗari.

Inda ba a jiran zuwa na biyu shi ne in lambar ta kai 180/110 kuma akwai alamar jiki ya taɓu: ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ido ya dushe, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta yi sanyi, magana ta sarƙe. Wannan gaggawa ce, aikin CSI shi ne ta tura mutum babban asibitin gunduma ko na jaha nan take. Mai ciki ma ba ta cikin masu jira, domin hawan jini a cikin juna biyu na iya kai ta ga jijjiga.

Akwai wata fahimta da ta yi ƙarfi a cikin gari, cewa mutum yana jin hawan jininsa. In kai ya sara ko jiri ya ɗebi mutum, sai a ce jininsa ya hau; in ya ji garau, sai a ce ya sauka. Mafi yawan masu cutar ba sa jin komai, shekara da shekaru, har sai ta taɓa ƙwaƙwalwa, zuciya, ƙoda ko ido. Ciwon kai kuma yana da dalilai da yawa, daga zazzaɓin cizon sauro zuwa ƙishirwa da rashin barci. Na'ura ce kawai ke raba gardama.

Minti biyar na zama

Ƙa'idar awon ba ta da tsada, lokaci take ci. Kafin awo da rabin sa'a, kada mutum ya sha taba, ko kofi, ko ya yi aikin ƙarfi. A wurinmu wannan ya haɗa da shayin fada mai kauri da goro, domin dukansu suna da sinadarin da ke cikin kofi mai ɗaga jini na ɗan lokaci. Ya yi fitsari in yana ji. Ya zauna a kujera minti uku zuwa biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba. A ɗora hannunsa a kan tebur yadda tsakiyar damtse zai yi daidai da zuciya. A ɗaura ɗamarar na'urar a kan fata, ba a bisa hannun riga ba. Kada shi ko mai awon ya yi magana. A auna sau uku da tazarar minti ɗaya, a haɗa na biyu da na uku a raba biyu. A zuwan farko a auna hannu biyu, in ɗaya ya fi, a riƙa amfani da shi daga baya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tasiri a lamba. Masu bincike na jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun nuna a 2024 cewa in hannu yana kan cinya, lambar sama tana ƙaruwa da kusan 4, in yana reto a gefe tana ƙaruwa da fiye da 6. A 2023 sun nuna abin da ya fi haka: in aka ɗaura ɗamara madaidaiciya ga mai kaurin damtse da ke buƙatar babba ƙwarai, lambar sama tana ƙaruwa da kusan 20. Ke nan mai 125 zai iya fitowa da 145 saboda ɗamara kawai. Ga siririn mutum kuwa, ɗamarar da ta yi masa yawa tana rage lambar, ta ɓoye cutar.

Yanzu a dubi yadda safiya take a CSI ta cikin gari, musamman lokacin damina da zazzaɓi ke cika benci da yara. Ma'aikaci ɗaya ko biyu, layi har waje. Wanda ya sauko daga kabu-kabu cikin rana, ya yi tsayuwar layi, ya shigo ana gaisawa ana tambayar gida da iyali, babbar riga a jikinsa an naɗe hannunta ta shaƙe damtse, sai a auna shi sau ɗaya da ɗamara ɗaya tilo da ke cikin ɗakin. Kusan duk kurakuran da ke nan suna tura lambar sama ne. Ba ganganci ba ne daga ma'aikacin, yawan aiki ne. Amma gyaran da ake buƙata tsari ne: a ware kujera mai majingina da tebur a gefe, a zaunar da mutum tun yana jiran layinsa, a yi awon kafin ya shiga ganin malamin asibiti. ISH ta ma sauƙaƙa: in awon farko bai kai 130/85 ba, ba sai an maimaita ba. Mafi yawan mutane za su wuce da awo ɗaya, lokacin ya tafi ga waɗanda lambarsu ta hau.

Wace na'ura

Na'urar awon jini ta ɗamara ta samo asali ne daga likitan Italiya Riva-Rocci a 1896, sai likitan Rasha Korotkoff ya ƙara dabarar sauraren bugun jijiya a 1905. Tsohuwar na'ura mai zaiba a cikin kwalba tana da daidaito, amma zaiba guba ce, kuma yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa a daina ƙera irinta da cinikinta tsakanin ƙasashe. Wadda ta fi yawa a hannun ma'aikata ita ce mai allura kamar agogo, da ake hura wa iska da hannu. Ba ta buƙatar batir, amma faɗuwa da jijjigar hanya suna karkatar da allurarta ba tare da kowa ya lura ba, don haka ana son a riƙa daidaita ta kamar duk wata shida. Tana kuma buƙatar kunne mai kyau, ɗaki marar hayaniya, da haƙurin sakin iska a hankali, milimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Mai gaggawa yana sakin iskar da sauri, ya tsallake bugun farko, ya rubuta lambar da ta fi kusa.

A 2020 OMS ta fitar da ƙa'idar da ke ba da shawarar komawa ga na'ura mai aiki da kanta, wadda ake ɗaurawa a damtse, da sharaɗin an gwada ta a kan mutane bisa ƙa'idar duniya an tabbatar da daidaitonta. Sharaɗin nan shi ne jigo. Da yawa daga cikin na'urorin da ke kasuwa ba su taɓa bi ta wannan gwaji ba, kuma kyan kwali ba shaida ba ne. Akwai jerin waɗanda aka tabbatar a intanet, kamar na STRIDE BP, wanda duk mai sayo wa asibiti ko farmasi kaya zai iya dubawa kyauta. Ta wuyan hannu ba a so a dogara da ita, sai ga wanda damtsensa ya fi ƙarfin kowace ɗamara. Manhajar waya da ke cewa a ɗora yatsa a kan gilashi ta faɗi tansiyo kuwa, ba a gano cuta da ita.

Na'ura mai aiki da kanta ma tana da rauninta. Tana buƙatar batir ko caji, ɗamararta tana tsagewa, kuma tana rikicewa in bugun zuciyar mutum ba ya tafiya daidai. Shi ya sa ake son ma'aikaci ya taɓa jijiyar wuyan hannu ya ji bugun kafin ya danna. Duk tallafin na'urorin da bai zo da ɗamara kala uku, da batir, da hanyar maye wadda ta lalace ba, bayan ƴan watanni a cikin durowa zai ƙare.

Awon gida

Akwai mutanen da jininsu ke hawa da zarar sun ga farar rigar likita, a gida kuma lafiya lau. ISH ta ƙiyasta su kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na waɗanda ake samu da lamba mai yawa a asibiti. Akwai kuma akasinsu, kashi 10 zuwa 15 cikin 100, waɗanda lambarsu ke kyau a gaban likita amma tana sama a rayuwarsu ta yau da kullum. Waɗannan su ne suka fi shiga haɗari, domin an sallame su da cewa ba komai.

Ƙasashe masu hali suna warware wannan da awo a wajen asibiti. Tun 2011 Birtaniya ta sa a riƙa tabbatar da cutar da na'urar da ake rataya wa mutum ya yini da ita tana auna shi da kanta, wadda likitocin Faransanci ke kira MAPA. In an bar ta sa'o'i 24, iyakarta 130/80 ce. Wannan aikin likitan zuciya ne a manyan asibitoci, ba abin da za a jira a CSI ta ƙauye ba ne. Wanda ya fi kusa da mu shi ne awon gida. Hukumar lafiya ta Faransa tana koyar da shi da ƙa'idar uku-uku: awo uku da safe kafin karin kumallo da shan magani, awo uku da dare kafin kwanciya, kwana uku a jere. A rubuta duka 18, a kai wa ma'aikacin lafiya. Iyakar awon gida 135/85 ce, ƙasa da ta asibiti.

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, gidajen da ke da na'ura suna ƙaruwa, sau da yawa ɗa ne ya sayo wa tsohonsa. Amma akasari sai kai ya yi ciwo ake ɗauko ta, a auna sau ɗaya a tsorata. In CSI ta koya wa iyali ƙa'idar uku-uku, ta kuma gwada na'urarsu da tata, na'ura ɗaya za ta iya yi wa gida guda da maƙwabta aiki. Inda hakan bai samu ba, ISH da kanta ta ce maimaita zuwa asibiti ya wadatar.

Bayan lambar ta tabbata

Gano cutar bai tsaya ga na'ura ba. Ma'aikaci zai tambayi tarihin gida, shan taba, yawan gishiri da dunƙulen miya da kanwa a abinci, tunda OMS ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5. Zai tambayi magungunan da mutum ke sha, domin wasu suna ɗaga jini: na ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a tebur ana sha kullum, da magungunan kotizon da ake sha don ƙiba ko ake haɗawa a man canza launin fata, da wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa. Wani lokaci barin su kawai yana sauko da lambar.

Sai gwaje-gwaje: fitsari don ganin ko ƙoda ta fara yoyo, sugan jini, gwajin aikin ƙoda, da zanen bugun zuciya inda akwai na'urar. Amma ƙa'idar OMS ta 2021 ta faɗa a fili cewa kada rashin gwaji ya hana ko ya jinkirta fara magani ga wanda cutarsa ta tabbata. Ta kuma ce ma'aikacin jinya da mai harhaɗa magani za su iya kula da mai hawan jini, muddin an horar da su, an ba su izini da rubutacciyar ƙa'ida, kuma likita yana sa ido. Ga ƙasar da likitocin zuciyarta ƙalilan ne kuma suna manyan birane, wannan ita ce hanyar da za ta kai ga mutanen Dakoro ko Magarya. Matashin da jininsa ya hau ƙwarai, ko wanda magani kala uku bai sauko da nasa ba, shi ne ake turawa gaba a nemi wani dalili a ƙoda ko wani wuri.

Zuwa na biyu

Tsarin lafiyar Nijar a matakin farko an gina shi ne kan uwa da yaro, kuma da dalili. Tun 2006 ake kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, haka ma awon ciki. Sakamakon haka mace mai haihuwa tana haɗuwa da na'urar awon jini a kowane ciki. Namiji ɗan shekara 45 da ke kasuwa ko gona, da matar da ta gama haihuwa, sai ciwo ya kayar da su suke zuwa. Mataki na farko shi ne a auna duk baligin da ya shigo CSI, ko da ciwon haƙori ya kawo shi, ko rakiyar yaro ya yi.

Ranar 17 ga Mayu ta kowace shekara, ranar hawan jini ta duniya, ana yin awo kyauta a wurare da dama, kuma abu ne mai kyau. Haka ma awon farmasi da na masu yawo da na'ura a kasuwa da tasha yana farkar da wasu. Amma duk wannan tace mutane ne, ba gano cuta ba. Binciken STEPS kansa a zama ɗaya yake auna kowane mutum. Wanda aka ce wa lambarsa ta hau a ƙarƙashin rumfa, aka sallame shi ba takarda ba ranar dawowa, ko dai ya manta, ko ya nufi mai tebur ya sayi ƙwayar da maƙwabcinsa ke sha.

Zuwa na biyu yana da kuɗinsa: kabu-kabu, yinin da aka bar shago, wataƙila da sabon tikiti. Ga wanda ba ya jin ciwon komai, kowane ɗaya daga ciki dalili ne na ƙin dawowa. Abin da hukumomin lafiya na gundumomi za su iya yi shi ne su sa awon tabbatarwa ya zama ba layi ba biya, a ba mutum kati mai lambobinsa da ranar dawowa, a ajiye rajista da lambar waya, a bi sawun wanda bai dawo ba ta hannun ƴan sa-kai na unguwa, kamar yadda ake yi wa masu tarin fuka. A maƙwabta, jahar Kano ta Najeriya ta fara irin wannan tsari a ƙananan asibitocinta tun 2020, tare da OMS, bisa shirin HEARTS: ƙa'ida ɗaya a rubuce, na'ura tabbatacciya, rajistar marasa lafiya, da ma'aikatan da ba likitoci ba. Daga Maraɗi ko Damagaram zuwa Kano ba nisa ba ne ga mai son ganin abin da ya yi aiki da abin da ya gagara.

Shi kuma mai zuwa awo yana da abin da zai nema ba tare da raina ma'aikaci ba: a bar shi ya huta kafin a auna, a duba ko ɗamarar ta dace da hannunsa, a maimaita in lambar ta hau, a rubuta masa ita cikakkiya da kwanan wata. In an ce ya dawo bayan mako biyu, ya dawo ko da yana jin garau. In kuma cutar ta tabbata aka fara magani, OMS ta ce a riƙa ganinsa duk wata har lambar ta sauko ƙasa da 140/90, daga nan duk wata uku zuwa shida.